Mai Jinya: Bayani Kan Hawa na Huɗu a Tsarin Kiwon Lafiyar Najeriya

A takarda, kiwon lafiya a Najeriya hawa uku ne. Ƙananan hukumomi 774 su ke da alhakin asibitocin sha-ka-tafi da ƙananan cibiyoyin unguwa da ƙauye. Jihohi 36 su ke riƙe da manyan asibitocin garuruwa. Gwamnatin tarayya kuma ita ke da asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya, inda ake tura ciwon da ya gagari na ƙasa. Duk taron da za a yi a Abuja kan lafiya, a kan waɗannan ukun ake jayayya: wa zai ba da kuɗi, wa zai ɗauki ma'aikata, laifin wa ne in abu ya lalace.

Akwai hawa na huɗu, kuma ya fi sauran girma. Ba shi da ofis, ba shi da minista, sunansa bai taɓa fitowa a kasafin kuɗi ba. Shi ne mai jinya, ɗan'uwan nan da ke kwana a kan tabarma a gefen gadon mara lafiya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya sun nuna cewa a cikin kowace naira 100 da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan, fiye da naira 70 daga aljihun jama'a take fitowa kai-tsaye, bayan ciwo ya riga ya kama. Gwamnatoci uku da kamfanonin inshora da ƙasashe masu ba da tallafi su ke haɗa ragowar. Wanda ke ɗauke da kaso mafi tsoka ya cancanci a yi bayaninsa dalla-dalla, yadda ake yi wa kowace hukuma.

Yadda ake naɗa shi

Ba a tallata gurbin mai jinya a jarida, ba a kuma tantance kowa. Naɗin yakan faru a tsakar gida, ko a cikin a-daidaita-sahu ana kan hanyar asibiti. Babba a gidan zai ɗaga kai ya dubi waɗanda ke tsaye ya ce, "Ke, ɗauko mayafinki, ke za ki zauna da Inna." Shi ke nan ta kama aiki. Abin da ake dubawa kaɗan ne. Namiji ga namiji, mace ga mace, domin ɗakunan kwanciya a rabe suke. Sai ƙafa mai jure zirga-zirga. Sai kuma wanda ake ganin zamansa a asibiti ba zai tsayar da komai ba, shi ya sa kujerar ta fi faɗawa kan bazawara, ko ɗalibar da ke hutu, ko ƙanin da ya gama makaranta yana jiran aiki. In ba a samu irin waɗannan ba, sai mai sana'a ya rufe shago, ko yarinya ta bar aji.

Muƙamin kashi biyu ne. Akwai mai jinya na ciki, wanda ke kwana. Akwai na waje, wanda ake kira a waya. Na waje shi ne duk wanda dangi suka haɗu a kan cewa yana da albashi, kuma ba a duba kwanan wata, ko an biya ko ba a biya ba. Saƙo ɗaya ne ke kai-komo tsakaninsu: "Yaya, sun sake rubuta wani." Wa'adin aikin ba a ƙayyade yake ba. Yana ƙarewa ranar da aka sallami mara lafiya, ko ranar da ta Allah ta kasance.

Kayan aiki shi ke zuwa da abinsa: tabarma, buta, fulas, kular abinci, fo, sabulu, tocila, cajar waya, da wata leda guda wadda ba ya rabuwa da ita ko banɗaki za shi. A cikinta akwai kati, da rasit, da sakamakon gwaji, da hoton ƙirji a nannaɗe, da kwalayen magungunan da aka sha a baya. Idan aka tura mara lafiya daga asibitin ƙauye zuwa na birni, sau da yawa wannan leda ce kaɗai ke ɗauke da tarihin ciwon daga likita zuwa likita. Ana maganar mayar da bayanan marasa lafiya cikin kwamfuta, wasu manyan asibitoci ma sun fara. Kafin abin ya game ko'ina, ledar ce ma'ajiyar bayanai ta ƙasa, kuma in ruwa ya jiƙa ta sai a sake gwaji, a sake biya.

Ayyukansa

Aiki yana farawa tun kafin assalatu. Mai jinya zai nemo ruwan zafi, ya goge wa mara lafiya jiki, ya zubar da fo, ya naɗe tabarmarsa ya tura ƙarƙashin gado kafin masu shara su shigo. Da hantsi likitoci za su fara zagaye, sai a ce duk masu jinya su fita. Za su jeru a baranda, kowa ya kasa kunne yana jiran lambar gadonsa. Can sai nas ta leƙo da takarda a hannu: "Mai jinyar gado na shida!"

Daga nan sashen sayayya ya buɗe. Takardar na ɗauke da ledar ƙarin ruwa biyu, allura, sirinji, kanula, safar hannu, auduga da filasta. Zai bi layin biyan kuɗi, ya bi layin ɗakin magani, a duba takardar a ce masa, "Uku akwai, sauran babu, sai a waje." Zai fita ƙofar asibiti ya tsallaka titi inda kemis-kemis suka jeru. Mai kemis zai tambaye shi, "Mai kyau za a ba ka ko mai sauƙi?" A nan ne mutumin da bai taɓa zama ajin haɗa magunguna ba zai yanke hukunci kan ingancin abin da za a ɗura wa mahaifinsa a jijiya, kuma hujjarsa ita ce canjin da ya rage a aljihu. In ya dawo nas ta duba ta ce kanular ta yi girma, sai ya koma ya canzo.

Shi ke kai jini da fitsari ɗakin gwaji, shi ke karɓo sakamako. Shi ke tura keke zuwa ɗaukar hoto. Da dare shi ke zuba wa ledar ruwa ido, in ta kusa ƙarewa ya lallaɓa ya ce, "Sista, don Allah ruwan Baba ya ƙare." In an ɗauke wuta shi ne fanka, wayarsa kuma ita ce fitilar neman jijiya. In aka ce jini bai isa ba, a kawo mutum biyu, sai ya koma bankin jini: ya kira 'yan'uwa da abokai da 'yan majalisar unguwa, in duk ba a dace ba a nuna masa waɗanda ke bayarwa don a sallame su. A 2021 aka kafa hukumar jini ta ƙasa da doka, da nufin a riƙa tara jini daga masu bayarwa don Allah tun kafin a buƙata. Har yanzu mafi yawan jinin da ake ƙarawa daga dangi da masu karɓar kuɗi yake fitowa.

Da la'asar sashen hulɗa da jama'a ke buɗewa, lokacin 'yan dubiya. Mai jinya zai tarbe su, ya karɓi lemo da ayaba da ɗan abin da aka dunƙula masa a hannu, ya kuma fitar da sanarwa kan halin da ake ciki. Sanarwar kalma biyu ce, ba ta canzawa. "Ya mai jiki?" "Da sauƙi." Ko zazzaɓi ya sauka, ko mara lafiya na kan iskar oksijin, amsar ke nan, domin mutanenmu suna kyautata zato ga Allah, kuma ba a tayar wa wanda ya zo gaisuwa hankali.

Rabin waɗannan ayyuka a wasu ƙasashe na ma'aikatan jinya ne da masu taimaka musu. A nan sun faɗo kan dangi ne saboda hannu bai isa ba. Nas ɗaya ko biyu a ɗaki cike da gadaje cikin dare ba za su iya juya kowa, su ciyar da kowa, su kuma ba da magani a kan lokaci ba. Da za a wayi gari masu jinya sun tafi gida gaba ɗaya, da babu asibitin gwamnatin da zai kai azahar yana aiki yadda ya kamata.

Inda yake samun kuɗi

Hanyoyin kuɗin shigar mai jinya a jere suke, kuma kusan kowane gida bi da bi yake bin su. Ana farawa da abin da ke aljihu. Sai a fasa asusu. Sai a kira na waje, ya turo, a je wajen mai POS a cire, a bar masa ladansa. Sai a roƙi uwar adashi a ba da kwasa kafin lokaci. Daga nan a shiga sayarwa: akuya, waya, 'yan kunne, buhun da aka ajiye don damina. In ciwon mai dogon zango ne irin wankin ƙoda ko kansa, sai a jinginar da gona. Mataki na ƙarshe shi ne a miƙe a masallaci bayan sallama da takardar likita a hannu, ko a kai cigiya gidan rediyo, ko a sa hoto da lambar asusu a Facebook. Masana na da ma'aunin wannan hali: in gida ya kashe fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da yake kashewa gaba ɗaya a kan magani, sun ce ya shiga kashe kuɗi mai karya gida. Mara lafiya kan warke ya koma gida ya tarar babu jarin da zai tashi da shi.

Wannan tsari yana da tarihi. Dattawa suna tuna lokacin da ake zuwa asibitin gwamnati da kwalba a karɓo magani kyauta. Da kuɗin mai ya faɗi, gwamnatin Janar Babangida ta shiga shirin tsuke bakin aljihu a 1986, kantocin ɗakin magani suka bushe. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka amince cewa a riƙa sayar da magani a ƙananan asibitoci da ɗan kuɗi, a juya kuɗin a sayo wani. Hujjarsu mai ƙarfi ce: gara maganin da ake biya yana nan da na kyauta wanda babu shi. Masu suka kuma suka ce kowace naira da aka sa a bakin taga tana mayar da wani talaka gida, ya jira sai ciwo ya ci ƙarfinsa, sannan a kawo shi ranga-ranga, lokacin da maganin ya ninka tsada.

Maƙwabciyarmu Nijar ta gwada ɗaya ɓangaren. Tsakanin 2005 da 2006 ta mayar da tiyatar haihuwa da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Iyaye mata suka yi ta kawo yara, abin da ya nuna cewa da ma kuɗi ne ke tsare su. Sai dai gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci abin da suka kashe, bashi ya taru, magani ya yanke a wurare da yawa, aka koma rubuta takarda a sayo a waje. Darasin da ke ciki a fili yake. In an cire kuɗi a bakin taga, dole wani ya biya ta baya, a kan lokaci. In bai biya ba, lissafin yana zagayowa ya samu mai jinya a inda ya bar shi.

Tsadar ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Mafi yawan magungunan da ake sha a Najeriya daga waje ake shigo da su, saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi, farashinsu ke tashi. A watan Agustan 2023 kamfanin magunguna na GSK ya sanar da rufe harkarsa ta kai-tsaye a ƙasar, masu asma da masu neman wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka ji a jikinsu. A watan Yunin 2024 shugaban ƙasa ya sa hannu kan umarnin cire haraji daga kayan haɗa magani don a ƙarfafa masana'antun gida. Mataki ne mai kyau, kuma wurin da za a auna amfaninsa shi ne kantar mai kemis.

Alƙawuran da aka yi masa

A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kowace shekara ga lafiya. Alƙawarin sunan babban birninmu yake ɗauke da shi. Tun daga lokacin kasafin tarayya bai taɓa kai wa can ba, yawanci tsakanin kashi 4 da 6 yake yawo. Jihohi irin Kano da Kaduna sun rubuta kashi 15 ko fiye a wasu shekaru, kuma sun cancanci yabo a kan haka. Amma kasafi matakai biyu ne, rubutawa da sakewa, kuma mai kemis ba ya karɓar abin da aka rubuta.

A 2014 shugaba Jonathan ya sa hannu kan Dokar Lafiya ta Ƙasa. Ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda za a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Rabi na biya wa talaka magani ta hanyar inshora, kashi 45 na magunguna da gyaran cibiyoyi da ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi, kimanin naira biliyan 55. Zuwa 2024 cibiyoyi fiye da 8,000 ne ke samun kasonsu kai-tsaye a asusunsu, kuma gwamnati ta ce za ta ninka adadin kafin ƙarshen 2027. A cikin duk abin da aka tsara, wannan asusu shi ne ya fi kusa da tabarmar mai jinya.

Sashe na 20 na dokar ya hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba. Wata doka ta 2017 ta ce a duba wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Masu asibitocin kuɗi suna tambaya, in sun yi aikin wa zai biya su? Tambaya ce da ke buƙatar amsa, domin muddin ba a amsa ta da kuɗi ba, mai jinya zai ci gaba da jin "a fara ajiye wani abu" alhali jini na zuba.

Sashe na 46 kuma ya hana a kai jami'in gwamnati waje neman magani da kuɗin jama'a, sai in kwamitin likitoci ya ba da shawara kuma minista ko kwamishina ya amince. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi jinya a Jidda daga watan Nuwamban 2009. Marigayi Muhammadu Buhari ya yi fiye da kwana 100 a Landan a tafiya guda a 2017, kuma a can ya rasu a 2025. Allah ya jiƙansu da rahama. A watan Oktoban 2017 Hajiya Aisha Buhari ta fito fili ta koka cewa asibitin fadar shugaban ƙasa ba shi da sirinji, na'urar ɗaukar hotonsa kuma ba ta aiki. Ciwo ba ya tambayar muƙami, kuma kowa na da haƙƙin neman lafiya inda zai samu. Abin da ke damun mai jinya shi ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma masu rabon kasafi ba a wannan ɗakin suke kwana ba.

Muhawarar inshora

Inshorar lafiya adashi ce wadda ba a bin layi wajen kwasa: kowa na zubi yana da lafiya, wanda ciwo ya kama shi ke ɗauka. An kafa ta da doka a 1999, ta fara aiki a 2005, kuma shekaru da yawa ma'aikatan tarayya ta fi amfana. A watan Mayun 2022 aka sa hannu kan sabuwar doka wadda ta kafa hukumar NHIA, ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu da aka ce zai rufe mutum miliyan 83. Jihohi sun kafa nasu hukumomin, irin tsarin taimakekeniyar lafiya na Kano da na Kaduna. Duk da haka waɗanda ke ciki ba su wuce kusan mutum 1 cikin 10 ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Cire kuɗi daga albashi abu ne mai sauƙi. Manomi da mai shayi da mai ƙosai ba su da albashin da za a cira, kuma su ne mafi yawa. Wanda ke neman na cefanen yau da wuya ya yi zubi don ciwon baɗi. Gana ta kafa nata tsarin a 2003, ta ɗora shi a kan ƙarin haraji na kashi 2.5 cikin 100 a kan kayan saye, yadda kowa ke zubi ba tare da an bi shi gida ba. Ruwanda ta bi ta ƙungiyoyin al'umma, gwamnati na biya wa mafi talauci, ta rufe fiye da kashi 80 cikin 100 na jama'arta. A nan gida dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemon kwalba mai suga. Masu fafutukar lafiya suna so a ƙara shi kuma a keɓe kuɗin ga lafiya, kamfanoni suna cewa zai kashe ayyukan yi. Kuɗin dai babbar tukunyar gwamnati yake shiga.

Waɗanda ke da katin inshora ma suna da ƙorafi. Sukan je a ce maganin da aka rubuta ba ya cikin jeri, ko ya ƙare. Asibitoci kuma suna cewa abin da ake biyansu a kan kowane mutum bai kai farashin kasuwa ba, kuma yana zuwa a makare. A irin wannan rana mai jinya yana riƙe da kati a hannu ɗaya, takardar "sai a waje" a ɗaya hannun.

Muhawarar likitoci

A 2019 ministan ƙwadago na lokacin, Dakta Chris Ngige, ya ce Najeriya na da rarar likitoci, masu son tafiya su tafi. A 2023 ɗan majalisar wakilai Ganiyu Johnson ya kawo ƙudurin hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aiki shekara 5, har ya tsallake karatu na biyu. A 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kimanin 55,000 ne suka rage wa mutum fiye da miliyan 200, bayan tafiyar 15,000 zuwa 16,000 cikin shekara 5, kuma waɗanda suka rage sun fi taruwa a Legas da Abuja. Cikin shekara biyar an ji cewa sun yi yawa, an ji cewa a ɗaure su, an ji cewa sun yi kaɗan.

Masu goyon bayan ƙudurin sun ce ƙasa ce ta sauƙaƙa wa likita karatu, ya kamata ya rama. Likitoci sun ce har zuwa ƙarshen 2021 alawus ɗinsu na haɗarin aiki naira 5,000 ne a wata, a ƙasar da zazzaɓin Lassa ke kashe ma'aikatan asibiti. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Amma likitan da aka tsare da doka a ɗakin tiyatar da babu wuta, takarda ɗaya zai rubuta da wanda ya zauna da son ransa. A yajin aikin likitoci masu neman ƙwarewa na 2021, wanda ya kai wata biyu daga Agusta, aikin mai jinya shi ne naɗe tabarma, ya ɗauki mara lafiya zuwa asibitin kuɗi in da hali, ko gida in babu. Shi kansa bai taɓa shiga yajin aiki ba, ba shi da ƙungiya, kuma babu ƙasar da ke neman ɗaukarsa.

Yadda za a rage masa aiki

Hanya mafi arha ita ce a hana ciwon kai wa ga gado. Najeriya ke da kusan kashi 27 cikin 100 na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, da kusan kashi 31 na waɗanda yake kashewa. A ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020, mata kimanin 82,000 suka rasu a nan ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, kuma Arewa ce ta fi ɗaukar nauyin. Mashaƙon da ya ɓarke daga ƙarshen 2022 ya fi tsanani a Kano, kuma mafi yawan yaran da ya kama ba su kammala rigakafi ba. Zubar jini, jijjiga, zazzaɓi da gudawa duk aikin ƙaramar cibiya ne in tana da ungozoma da magani da wuta. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya kafa wannan tubali lokacin yana ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. Yau akwai cibiyoyi kusan 30,000, kuma an daɗe ana ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin biyar ce ke aiki sosai.

An ga abin da ke yiwuwa in an dage. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda zargi, aka dawo da shi a 2004. Da aka sa sarakuna da malamai a gaba, mata masu ɗigo suka bi gida-gida, nau'in cutar na asali ya ƙare: an ga na ƙarshe a Borno a 2016, aka tabbatar da Afirka ta rabu da shi a watan Agustan 2020. A tsawon shekarun nan iyaye mata sun yi ta yin wata tambaya a bakin ƙofa: me ya sa ake kawo ɗigon shan inna har gida kyauta, amma in yaro na zazzaɓi sai an biya? Tambayar mai jinya ce, kuma tana kan hanya. Shirin Haihuwa Lafiya na Jigawa, inda direbobin tasha ke kai mai naƙuda asibiti, da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi da aka sanar a Nuwamban 2024, da rigakafin zazzaɓin cizon sauro da aka fara a Kebbi da Bayelsa a Disambar shekarar, duk amsoshi ne gare ta. Saura su ɗore, su kai ƙauyen da ba a zuwa da kyamara.

Abin da ya kamata mu nema ba shi da sarƙaƙiya. A riƙa wallafa abin da aka saki daga kasafin lafiya kowane wata uku, a liƙa na kowace cibiya a jikin bangonta, kwamitin mazaɓa ya iya karantawa ya yi tambaya. A biya wa talaka zubin inshora daga haraji, a kuma biya asibitoci a kan lokaci. A ɗauki nas da ungozoma, a biya su abin da zai zaunar da su a karkara. A sa masu jinya na gaske, mata da maza, a zauren jin ra'ayin jama'a kan kasafi, domin sun san farashin kowace allura fiye da kowa a zauren. Idan 'yan takara suka zo suna lissafa gine-ginen da suka yi wa fenti, mu yi musu godiya, sannan mu tambaye su abubuwa nawa ne cikin takardar likita ake samu a cikin asibitin, mata nawa ne suka haihu a hannun ungozoma cikin dare, kuma gidaje nawa ne suka fita daga jinya bana ba tare da sun sayar da abin da suke ci da shi ba. Wanda ya zo da waɗannan alƙaluma, kuma suka yi daidai da abin da ke cikin rasit ɗinmu, shi ya yi aikin lafiya, kuma shi ya kamata mu saurara.